Ko in sauya wa tsohuwar MGB kik na zamani?

Tambaya: Ina da MGB, motar kamfanin MG na Ingila, ƙirar 1966, kik ɗinta na asali ne, na kamfanin Lucas mai kayan wutar mota. Da safe yana jan inji da ƙyar, idan kuma injin ya yi zafi na kashe, sai ya riƙa nishi kamar batir ya mutu. Wani lokaci da zarar inji ya yi tari ɗaya sai kik ya saki, ya yi ta juyawa shi kaɗai. Ya kuma taɓa cijewa, sai da aka sa giya aka girgiza motar. An ba ni shawarar in sayi ƙaramin kik na zamani mai giya a cikinsa. Zai magance matsalar? Me ya kamata in lura da shi?

Amsa: Malam, abubuwa uku ka lissafa, kuma ba tushensu ɗaya ba. Sakin da kik yake yi bayan tari ɗaya, da cijewar nan, halin ƙirarsa ne, sabon kik zai raba ka da su. Amma jan inji da ƙyar, galibi ba laifin kik ba ne, wuta ce ba ta isa wurinsa yadda ya kamata. Idan ka ɗaura sabo a kan wayoyin da suka ci tsatsa, zai rufe maka matsalar na wani lokaci domin bai kai tsohon shan wuta ba, daga baya ta dawo, ka zargi wanda ya sayar maka. Ina goyon bayan ka sauya, amma ka auna wuta tukuna, kuma filawil ɗin da ke cikin motar, wato faifan ƙarfe mai haƙora a bayan inji da kik yake juyawa, shi zai zaɓa maka kik, ba shekarar da ke jikin takarda ba.

Bari in fara da awon, don a nan ne mafi yawan masu irin motarka suke kuskure. MGB ta wannan zamani batir biyu gare ta masu volt 6, suna bayan kujeru a ƙarƙashin murfi, an haɗa su da gajeriyar waya su ba da volt 12. Daga can doguwar waya mai kauri ta bi ta ƙarƙashin mota har zuwa solonayid, makunnin da ke sakar wa kik babbar wuta, da ke ɗakin inji, daga solonayid wata ta sauka zuwa kik. Ƙidaya mahaɗan da wuta za ta ratsa: kawunan batir huɗu, inda waya ta kama jikin mota, baki biyu na solonayid da abin da ke cikinsa, bakin kik, sai kuma faffaɗar wayar nan da ta haɗa inji da jikin mota, wadda makanikai ke kira at. Kik yana jan amfiya 150 zuwa 250 a lokacin da yake juya inji. Idan mahaɗa guda tana da turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na ohm ba, a amfiya 200 ta cinye volt 2 ke nan. Ido ba ya ganin wannan, fitilu ma za su kama fes, hon ya yi ƙara, domin su wuta kaɗan suke sha. Sai an murɗa makulli take bayyana.

Saboda haka ka samu mitar awon wuta da mataimaki. Cire siririyar wayar da ke kai wuta kwayil don kada inji ya tashi. Auna batiran biyu a haɗe bayan motar ta kwana: cikakken batir yana ba da wajen volt 12.6. Sai mataimakinka ya murɗa makulli kai kuma kana kallon mita. Idan ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ne ya gaji, ko kuma kik yana shan wutar da ta wuce ƙa'ida. Auna kowane batir shi kaɗai ma, don sau da yawa ɗaya ne ya mutu yake jan ɗan'uwansa ƙasa. Idan batir ya tsaya da ƙafarsa, sai ka nemi inda wutar take zubewa. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir inda doguwar waya ta fita, ɗayan kuma a bakin kik, za ka buƙaci ƙara wa tsinken tsawo da wata waya. A murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta salwanta a hanya, bai kamata ya wuce rabin volt ba. Ka maimaita tsakanin ɗaya kan batirin da jikin kik, a nan kada ya wuce 0.2 zuwa 0.3. Idan ya wuce, bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da mitar har ka kama ta.

Wurare biyu nake fara zargi a irin wannan mota. Na farko tsofaffin kawunan batir na Lucas masu kamar hula, waɗanda ake ɗaurewa da ƙaramin sukuru ta sama. Da tsufa suna buɗewa, sai ya zama sukurun ne kawai yake ɗaukar wutar. Sauya su da masu matsewa ta gefe. Na biyu wayar at ta inji. Inji a kan roba yake zaune, idan wannan waya ta ruɓe ko an manta ba a mayar da ita ba bayan wani aiki, wuta za ta nemi hanyar komawa ta wayar cok, ko ta totur, ko ta hita. Taɓa su bayan an buga kik, idan ka ji ɗumi ka gano ɓarawon. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, yana iya narkar da waya ya tada gobara.

Nishin da kake ji idan inji ya yi zafi yana da wasu dalilan. Jan ƙarfe idan ya yi zafi turjiyarsa tana ƙaruwa, ga shi inji mai zafi ya fi riƙe matsi. Idan bushin kik sun cinye, abin da ke juyawa a ciki yana gogar bango, zafi kuma yana ƙara tsananta gogar. Akwai kuma taimin. Idan an tura shi gaba da yawa, fulogi yana ba da wuta fistin bai gama hawa ba, sai inji ya riƙa turo kik baya. Gwajin mai sauƙi ne: da inji mai zafi, cire wayar kwayil ka buga. Idan ya juya sumul alhali idan wayar tana haɗe yana tsayawa yana ci gaba, taimin za ka gyara, kuma ka gyara shi kafin ka ɗaura sabon kik, domin wannan turowar tana karya haƙora, sabo ko tsoho.

To, mu zo ga ƙirar. Kik ɗinka irin na bendis ne, sunan ya samo asali daga Vincent Bendix, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wannan dabara, wadda aka fara sa wa motoci jim kaɗan bayan Charles Kettering ya sa wa Cadillac kik mai lantarki a 1912. Ƙaramin giyan yana zaune a kan murɗaɗɗen zare a jikin sandar kik. Idan wuta ta shiga, sandar tana fizga da sauri, nauyin giyan ya hana shi bin ta nan take, sai zaren ya ja shi ya faɗa cikin haƙoran filawil da ƙarfi. Da zarar inji ya fi kik gudu, filawil ya murɗo shi baya ya fita. Babu abin da yake riƙe shi a ciki. Shi ya sa tari ɗaya ya isa ya jefar da shi waje tun inji bai kama ba, ka ji kik yana ta kuka a banza, dole ka jira ya tsaya cik kafin ka sake bugawa. Shi ya sa kuma idan wuta ta yi rauni ba ya ma shiga, don fizgar ba ta kai ba.

Kowace bugawa duka ce ga haƙoran filawil, kuma ba ko'ina dukan yake sauka ba. Inji mai silinda huɗu idan aka kashe shi kusan a wurare biyu yake tsayawa, mai shida a wurare uku. Shekara da shekaru giyan yana faɗa wa haƙoran waɗannan wuraren, su cinye, su yi kaifi, wata rana ya hau kansu ya cije. Lucas sun san da haka, shi ya sa suka bar wa ƙarshen sandar kik kai mai kusurwa huɗu, don a sa sifana a murɗa a sake shi. Abin da na ga mutane suna yi da kyakkyawar niyya kuma yana ɓata lamarin shi ne shafa wa zaren giris. Ƙurar kuloci tana manne masa ta zama laka, giyan ya daina zamewa. Wanke shi ake yi a bar shi a bushe.

Sabon kik ta hanya biyu ya bambanta. Ta farko, solonayid ɗinsa a jikinsa yake, shi ne yake tura giyan cikin filawil tukuna, sai ya shiga sannan cikakkiyar wuta ta tafi ga motar lantarkin da ke cikin kik ɗin. Yana riƙe shi a ciki muddin hannunka yana kan makulli, akwai kuma wani kuloci mai juyawa gefe guda da yake hana inji jan kik idan ya tashi. Ko inji ya yi tari goma, kik yana nan yana juya shi. A wurina wannan ita ce babbar riba ga mota irin taka, ta fi ƙarfin da masu talla suke ta yayatawa. MG da kansu sun koma irin wannan shigar a ƙarshen 1967, lokacin da suka fito da ƙira ta biyu mai sabon giyabos da altaneta. Hanya ta biyu, motar lantarkin da ke cikinsa ƙarama ce mai gudu sosai, sai aka sa giya tsakaninta da bakin kik, ta yi juyi uku zuwa biyar kafin baki ya yi ɗaya. Kamar mai keke ne da ya sauko da giya zai hau tudu, ƙafa tana sauri amma ba ta wahala. Chrysler ta fara sa irin wannan a motocinta a 1962, kamfanin Denso na Japan kuma ya yaɗa shi, yawancin waɗanda ake sayarwa don tsofaffin motocin Ingila a kan ƙirar Denso aka gina su, aka yi musu farantin ɗauri da ya dace. Nauyinsa wajen rabin na tsohon ne ko ƙasa da haka, kuma da yake bai cika zuƙe batir ba, kwayil yana samun wutar da ta fi yawa a daidai lokacin da ake buƙatar tartsatsi mai ƙarfi.

Game da ƙarfi, kada ka biye wa babbar lamba. Za ka ga masu kilowat 1.0, da 1.4, har da 2.0. Injinka cc 1798 ne, matsinsa na masana'anta bai wuce 8.8 zuwa 1 ba. Mai 1.0 zai juya shi ba tare da wahala ba, mai 1.4 ya ishi ko da injin da aka ƙara wa matsi. Manyan na injina masu silinda shida ko takwas ne da na tsere.

Kafin ka yi oda, cire tsohon. Fara da cire wayar batir da ke zuwa jikin mota, ka ɗora motar a kan matokarai masu ƙarfi, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. A MGB kik yana gefen dama, ƙasa da distiributa, wurin a matse yake, kana iya buƙatar cire filtar mai don ya fito. Ta ramin da ya bari za ka ga haƙoran filawil. Cire fulogai, sa alli a haƙori ɗaya, mataimaki ya riƙa juya inji a hankali da sifana ta gaba, kai kuma kana ƙirga kana dubawa. MGB ta farko haƙora 120 ne a filawil ɗinta, ta baya mai sabon giyabos 127, kuma kik ɗinsu ba ya shiga na juna. Dalilin da ya sa na nace a kan ƙirgar shi ne mota mai shekaru kusan sittin ta ratsa hannaye da yawa. Mai yiwuwa wani ya taɓa sauya mata inji ko giyabos daga wata ta baya, ba kuma wanda ya rubuta. Ƙirga haƙoran giyan tsohon kik ɗin ma, ka auna faɗinsa, ka auna tazarar da ke tsakanin fuskar da kik yake zama da gefen haƙoran filawil. Waɗannan lambobi za ka ba mai sayarwa.

Akwai wani abu da zai faranta maka rai a nan. Tsohon kik sandarsa tana wuce filawil, giyan yana shigowa ne ta baya, ta wajen giyabos. Sabon ta gaba yake turawa, ta wajen inji. Ke nan zai tarar da gefen haƙoran da ba a taɓa duka ba, filawil ɗin da ke cije tsohon kik yana iya yin shekaru da sabo lafiya lau. Wasu suna damuwa cewa gefen gaba ba a fere shi ba kamar na baya. A aikace ba ya hana shiga, don haƙoran sabon giyan suna da nasu firar, kuma sifirin ne yake tura shi, ba jifa ba. Iyakar wannan rangwame ita ce idan haƙori ya karye gaba ɗaya, ko cin ya wuce rabin faɗinsa, ko zoben haƙoran ya saki daga jikin filawil. Zoben da zafi ake sa shi ya kama, idan ya motsa ba kik ɗin da zai gyara, sai an fitar da inji. Yi amfani da ɗan madubi ka leƙa bayan haƙoran, don can ɓarnar take.

Tambaya ta gaba da za ka yi wa mai sayarwa ta shafi batir. Motarka daga masana'anta kan batir mai alamar + ne yake zuwa jikin mota, saɓanin motocin yau, sai dai idan wani ya riga ya juya mata. Duba da idonka. Kik mai naɗin waya a bangonsa, kamar na Lucas da yawancin na ƙirar Denso, gefe guda yake juyawa ko ta yaya aka haɗa batir. Amma mai maganaɗisu na dindindin, idan aka juya masa wuta baya zai juya, kulocinsa ya zame, inji ko motsi ba zai yi ba. Ka sa ya tabbatar maka a rubuce.

Wajen ɗaurawa, yawancinsu farantinsu yana da ramuka da yawa, ana iya juya jikin kik ɗin har a samu inda solonayid bai taɓa inji ko jikin mota ba. Bar masa sarari, domin inji yana rawa a kan robarsa. Goge fuskar da zai zauna har ƙarfe ya fito, ta nan wutarsa take komawa, fenti da mai suna tare ta. A hutawa giyan ya kasance nesa da filawil da wajen milimita 2 zuwa 3, idan ya shiga kuma ya kama aƙalla kashi biyu cikin uku na faɗin haƙoran. Shafa wa haƙoransa ɗan fenti ko maka, ɗaura, buga sau kaɗan, cire ka ga inda ya goge. Aiki biyu ne, na sani, amma shi ne kawai zai nuna maka abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa. Idan ya yi kusa, washa ake sawa a bayan faranti. Lokacin ɗaure babbar waya, kada ka matse noti har sandar jan ƙarfen ta juya, don tana iya ɓalle haɗin da ke ciki.

Haɗin wuta hanya biyu ne. Mai sauƙin ita ce ka bar tsohon solonayid yana aikinsa, babbar wayarsa ta sauka bakin sabon kik, sai ka sa gajeriyar waya daga wannan baki zuwa ƙaramin bakin solonayid na sabon. Ba ka yanke komai ba, ɗakin inji yana nan kamar na asali, kuma makulli ba ya ɗaukar wani sabon nauyi. Aibinta shi ne duk wutar tana ratsa tsohon solonayid, idan cikinsa ya ƙone ka ci gaba da asarar da ka auna ɗazu. Idan awo ya nuna yana da lafiya, ko ka sa sabo irinsa, wannan hanya ta isa. Ta biyun ita ce ka haɗa manyan wayoyin biyu a baki guda na tsohon solonayid ya zama mahaɗa kawai, wuta ta riƙa zama a bakin kik kullum, sannan siririyar wayar makulli, fara mai jan layi a tsarin launin Lucas, ta tada sabon solonayid. Idan ka zaɓi wannan, kada ka kai ta kai tsaye. Sabon solonayid yana fizgar amfiya 30 zuwa 40 a ƙiftawar farko kafin ya sauka, tsohon makulli ba a yi shi don haka ba. Sa rile, ƙaramin makunni da ke ɗauke wa makulli nauyi, mai amfiya 30 ko 40, ka bi lambobin ƙafafunsa: wayar makulli zuwa 86, 85 zuwa jikin mota, 30 daga wuta mai zama kullum ta cikin fis, 87 zuwa ƙaramin bakin kik. A motar da + yake jiki, nemi rile marar dayod a ciki. Ka kuma rufe babban bakin kik da hular roba, tunda yanzu wuta ba ta barinsa, sifana ɗaya ta faɗa tsakaninsa da inji sai tartsatsi.

Ga masu karatu da motarsu ta baya ce, irin MGB mai bamba ta roba daga ƙarshen 1974: kwayil ɗinku ta cikin rizista yake samun wuta, kuma tsohon kik yana da wani ƙaramin baki na daban da yake ba kwayil cikakkiyar wuta lokacin bugawa. Sabbin da yawa ba su da wannan baki. Idan aka bar wayar tana lilo, mota za ta riƙa wuyar tashi da sanyi, wani lokaci sai an saki makulli take kamawa. Nemi kik mai wannan baki, ko mai wayarin ya mayar da aikin ta rile ko dayod. Kada a haɗa ta kai tsaye da wayar solonayid, wutar kwayil za ta riƙa komowa ta nan. Motarka ta 1966 ba ta da wannan tsari, sai idan wani ya sa mata daga baya.

Ƙarar za ta canza, wannan ka sani tun yanzu. Maimakon gurnanin Lucas, za ka ji siririn kuka mai sauri irin na motocin Japan. Wasu masu tsofaffin motoci ba sa son haka, ina kuma ganin suna da hujja, don ƙarar tashi tana cikin halin mota. Wanda motarsa ta baje koli ce, inda alƙalai suke duba kowane noti, gara ya gyara na asali: sabon buroshi, sabon bushi, a goge inda buroshi yake gogawa, a sauya bendis. Lucas da aka gyara da kyau, a kan wayoyi masu lafiya da filawil mai haƙora, yana tada wannan inji ba gardama, haka ya yi ta yi tun motar tana sabuwa. Amma kai da kake hawanta, ga shi ta fara cijewa, sabon ya fi maka, ko don ya ɗage maka fitar da inji.

Tsohon kada ka jefar, kada kuma ka bayar da shi a musaya. Wanke shi, ka naɗe, ka ajiye tare da notinansa, ka rubuta a takarda yadda wayoyin suke kafin ka taɓa su, da hoto idan da hali. Duk wanda zai mallaki motar bayanka zai so ya same shi.

Bugun farko ka yi shi wayar kwayil tana cire, ka saurara. Juyi mai santsi kake nema. Kuka mai kaifi da yawa ko gurzawa alama ce haƙora ba su zauna daidai ba, ƙara bayan ka saki makulli kuma tana nufin giyan bai fita da wuri ba ko ya yi kusa da filawil. Ko wanne ka ji, tsaya ka cire ka duba fentin nan. Idan komai daidai ne, sake awon da ka yi da farko ka kwatanta lambobin, sannan ka mayar da wayar kwayil. Da yake wannan kik ba ya saki da kansa, hannunka ne zai sake shi: da inji ya kama ka saki makulli, idan kuma bai kama ba kada ka wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 a bugu ɗaya, ka ba shi wajen minti guda ya huce, don ƙaramar motar lantarkin da ke cikinsa tana saurin ɗaukar zafi. Bayan tafiya ta farko mai ɗan nisa, inji ya huce, ka koma ƙasa ka sake gwada notinan ɗauri da na babbar waya, ka duba ko wayar tana gogar wani ƙarfe.